Farar da Inna ta aiko mini

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa dubana ta yi mini magana ba. Ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, mahaifiyar babana, can na girma, alhali tsakanin ɗakunan biyu bai fi taku goma ba. In na shigo tsakar gida Inna tana tuƙa tuwo, sai ta ƙara sunkuyawa kan tukunya kamar ta ga wani abu a ciki. In tana son in ci abinci, sai ta gaya wa iska: "A ce ma wancan tuwo na nan." Wancan, shi ne sunana a bakinta. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, don duk ɗan fari a garinmu haka ake yi masa, kunya ce. Amma ba zan yi ƙarya ba, ina ganin tana ranƙwashin ƙannena tana zaginsu, sai in ji ina ma ni ne.

Garinmu ƙauye ne kusa da Kalfu. An kai ni lakwal, wato makarantar boko, daga nan aka tura ni koyon aikin gona, kuma shekaru kaɗan bayan ƙasa ta samu 'yancin kai na dawo Tawa, babban garin yankinmu, da sunan malamin gona. Aka ba ni kaki, da malafa, da tebur a buro, wato ofis. Kaina ya kumbura, ba na musu. Ina ganin duk abin da tsofaffinmu suka sani game da gona na wuce shi tun a shafi na uku. Kakata ce kaɗai ba ta saya ba. Tana kirana mijinta, irin wasan kaka da jika, tana cewa ita dai an cuce ta, an ba ta miji mai wando iya gwiwa wanda ya je har wata ƙasa don a koya masa yadda gero ke tsirowa.

A shekarar da nake magana, fara ta taso a ƙarshen damina, daidai lokacin da gero ya fitar da kai, ƙwayarsa tana ruwa-ruwa. Ba irin farar nan ba ce mai zuwa daga hamada ta rufe rana. Tamu ce ta gida, wadda ke binne ƙwanta cikin yashi ya kwana rani, in ruwa ya sauka ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yanta suna fara cin ciyawa a bakin gona, suna saɓa, suna girma, in ciyawa ta soma bushewa sai su hau gero. A da, mutane kan haƙa dogon rami su koro 'ya'yan da reshe su binne, sauran kuma belbela da shamuwa da zabin daji su yi ta kalaci da su. Na san wannan duka tun ina yaro. Amma a idona na lokacin, wannan aikin wahala ne na mutanen da ba su da magani.

Mu kuwa muna da magani. Buhu-buhu aka kawo shi Tawa a kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, wani gari ne fari-fari mai warin ɗakin da ya sha ruwa aka daɗe ba a buɗe ba. Ana cuɗa shi da dusa, a yayyafa ruwa, a watsa cikin gona da sassafe. Fara ta ci dusa, ta mutu. Da takarda ya zo, cikin Faransanci, na karanta ta har na haddace: a wanke hannu, kada a bar dabbobi su shiga gonar, kada a ajiye shi kusa da rijiya. Wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa cin fara ba. Ni kuwa da fara aka raine ni, soyayya da yaji da ƙuli-ƙuli, amma ko sau ɗaya tunanina bai haɗa abu biyun nan ba. Har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Da aka ce in zaɓi garuruwan da za a fara, na sa namu a gaba. Ina so a gani.

Na tara maza a ƙofar mai gari, na tsaya da kakina na yi jawabi. Na ce a tsare awaki da tumaki da jakuna, kada ko ɗaya ya shiga gona har kwana goma. Na ce wanda ya taɓa dusar ya wanke hannu da toka. Babana yana zaune a sahun gaba yana gyaɗa kai. Ba mace ko ɗaya a wurin, don mata ba sa zama ƙofar mai gari, kuma kamun fara aikin mata ne tun fil'azal. Su ne ke fita da asuba lokacin da sanyi ya kama ta, su tsince ta a buhu, su dafa da gishiri, su shanya. Namiji sai dai ya ga kwano a gabansa.

Kwana uku muka yi muna watsa dusa. A rana ta uku na ga Inna. Ta kawo wa babana fura gona, ta ajiye ƙwaryar a gindin adua ta tsaya nesa. Na lura tana kallon farar da ta fara faɗowa daga kan gero, tana kallon masu watsawa suna jiran umarnina. Da na waiwaya sai ta juya baya. Tsakanina da ita bai fi jifa ba. Da na taka na ce mata kalma huɗu, da ba a yi wannan labari ba. Amma ban saba ba, kuma gaskiyar magana, ko tunanin ban yi ba. Abin da ke raina shi ne ta gan ni ina ba manya umarni.

Na koma Tawa na rubuta rahoto mai daɗi.

Bayan kwana huɗu, wajen azahar, ina zaune a buro sai na ji hayaniya a waje. Kakata ce a kan jakinta, tana faɗa da mai gadi wai ya hana ta ganin mijinta. Na fita na sauko da ita. Ta kwance wani ƙullin tsumma daga bayanta ta miƙo mini ƙaramar ƙwarya da faifai a kai.

"Amshi," ta ce. "Innakka ta aiko. Ba ta ce kai ba, ta ce a kai ma mutanen Tawa. Mu kau mutum guda ag gare mu Tawa, ga shi nan da ƙwauri waje."

Na ɗaga faifan. Fara ce, manya-manya, zaɓaɓɓu, an cire fiffike da ƙafafu, an soya ta yi ja, yaji ya kama ta. Inna ba ta taɓa aiko mini da komai ba, ko da sunan mutanen Tawa. Daɗi ya rufe ni. A tsaye na jefa ɗaya baki, na ƙara, na ƙara ta uku. A ta ukun ne, can ƙarƙashin yaji da mai, na ji shi. Warin nan ne da ya kwana uku a rigata, wanda sabulu ya kasa fitarwa.

Na tsaya da tauna.

"Kaka, ina anka samo wagga hwara?"

"Ina kuwa? Gonakkin da ka zuba ma maganinka mana. Kai, yaro, ka yi aiki! Hwara ta kwanta lamo, ba ta tashi, ba ta tsalle. Da tsintsiya anka share ta. Mata sai shi ma albarka su kai, sun ce ba su taɓa ganin kamu mai sauƙi haka ba. Kowane gida an shanya tabarma biyu, ukku."

Ban san lokacin da ƙwaryar ta faɗi daga hannuna ba. Na tofar da abin da ke bakina, na sa yatsa a maƙogwaro a gaban mai gadi da masu wucewa. Kakata ta yi tsaye baki buɗe, ta ɗauka na raina aiken ne, har ta fara cewa in boko ya hana ni cin fara ai sai in faɗa da baki, ba sai na zubar ba. Na riƙe kafaɗunta na ce ita ta ci? Ta buɗe mini baki ta nuna dasashi, ta ce da wane haƙori. Na ce Inna fa?

"Innakka tun shekaranjiya taka ci. Jiya dai ta ce kanta na sara, tana ganin jiri. Masassarar damana ta."

Shugabana ba ya nan, ya fita rangadi. Ban nemi izinin kowa ba. Na tarar da direban kamyonmu yana alwala, na gaya masa, ya ajiye buta bai gama ba. Muka ɗora kakata a gaba, muka bar jakin wurin mai gadi. Ranar ce ta fara shiga mota, amma ko salati ba ta yi ba, don ta ga fuskata ta gane ba wasa.

A hanya ne ta gaya mini abin da ya ƙarasa ni. Ta ce ranar da aka fara dafawa, matar maƙeri ta sunsuna tukunya ta ce ita wannan fara tana mata wani wari, kada dai maganin ya shiga cikinta. Wasu mata suka fara ja da baya.

"Sai Innakka tat tashi," in ji kakata. "Taj jawo akushi, tac cika shi, taz zamna tsakiyar mata tac cinye sarai. Sannan tac ce, abin da yah hito hannun wancan ba shi cuta ma kowa. Daga nan kowa yas sa hannu."

Na kifa kaina a gwiwa. Shekara ashirin da wani abu ina jiran in ji abin da matar nan take ɗaukata, ga shi na ji, a cikin kamyo, kuma shi ne zai kashe ta.

Tun kafin mu shiga gari na fara gani. Belbela ce warwatse a ƙarƙashin gawo, fara fat, kamar an zubar da wanki. Wasu sun mutu, wasu suna juyi a ƙasa da fiffike ɗaya. Ƙadangaru sun yi rigingine a bakin hanya. Gonakin da kwana bakwai da suka wuce ba ka jin maganar na kusa da kai don kukan tsuntsaye da ƙwari, yanzu shiru, sai ƙarar motarmu. A bakin gari na ga tarin kaji an jefar bayan darni. Kaji sun yi ta mutuwa, kuma ba wanda ya tambayi dalili, an ce annobar kaji ce.

Cikin gari kuwa, ko'ina tabarmi ne a rana, fara shanye a kai, jajir.

Na diro ina ihu tun mota ba ta tsaya ba. Ban san me nake cewa ba, na dai san ina harbin tabarmi da ƙafa ina kifar da su, mata suna fitowa suna salati, sun ɗauka na haukace. Maza suka taso daga inuwa, babana a gaba. Na ce guba ce, guba ce kuke ci! Ya dube ni, ya dubi tabarmar, fuskarsa ta sauya a hankali.

"Ka ce a tsare awaki," ya ce. "Mun tsare awaki. Ko akuya guda ba ta shiga ba."

Gaskiya ya faɗa. Ga su can a turke, cikin ƙoshin lafiya, suna tuƙa. Duk abin da na ce an yi, an yi shi daidai.

Mai gari ya sa mai shela ya zaga, a tattara fara duk a kai rami, wanda ya ci ya fito. Ni na nufi gida. Inna ba ta tsakar gida, murhunta a mace, abin da ban taɓa gani ba da rana. Tana ɗaki. Sai ga ni, da duk gudun da na sha, na tsaya cak a bakin ƙofa inda na saba tsayawa. Ƙafata ta ƙi shiga. Kakata ta ture ni ta wuce.

"Kaka, tambaye ta nawa tac ci yau."

Na ji kakata ta maimaita. Na ji muryar Inna can ƙasa-ƙasa, tana rawa.

"A ce ma mai tambaya lahiya lau ni ke."

"Tambaye ta ko ta yi amai."

"A ce mai shi koma wurin aikinai."

Haushi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Mace tana mutuwa, ɗanta yana bakin ƙofa, muna aika saƙo ta hannun tsohuwa kamar masu neman aure! Ina buɗe baki in sake wata tambayar sai na ji gado ya yi ƙara, kakata ta ƙwala salati. Na faɗa ciki. Rabona da ɗakin nan tun ina shan nono. Inna tana ƙasa, jikinta ya sandare yana karkarwa, idanunta sun juye, kumfa a bakinta. Na durƙusa na juya ta gefe, na riƙe kanta kada ya bugi ƙafar gado. Ashe ƙarama ce. Duk rayuwata daga nesa nake ganinta, ban san ba ta da nauyi ba sai da na ɗauke ta.

Na fito da ita a hannu ta tsakiyar mutane. Na ji wata tsohuwa tana cewa subhanallahi, ɗan fari, amma ba wanda ya tare ni. Muka shimfiɗa tabarma a bayan kamyo. Aka ɗoro wasu mata biyu da yara masu amai, babana ya hau, kakata ta hau. Kan Inna yana cinyata har Tawa. Sau biyu abin ya sake taso mata a hanya. Tsakanin na farko da na biyu ta farfaɗo, ta buɗe ido, ta ga fuskar wanda ke riƙe da ita. Ta lalubo bakin zanenta ta ja ta rufe fuska. Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, sai na yi kukan.

A gidan likita, ma'aikacin da ya karɓe mu ya tambaye ni da Faransanci me suka ci. Na gaya masa sunan maganin, da yadda aka cuɗa, da kwana nawa. Ya ce yaya aka yi na san duk wannan? Na ce ni na watsa. Ya dubi kakina daga sama har ƙasa, ya shige. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Suka yi mata allura, suka wanke mata ciki. Ya fito ya ce sauran da sauƙi, amma wannan ta ci da yawa, ba abin da zai iya cewa sai an ga wayewar gari.

Gari ya waye tana numfashi. Babana ya koma ƙauye tare da direba don a tabbata an binne farar duka, har wadda aka ɓoye a tukwane, don akwai matan da suka ce ba za su zubar da abincin rani saboda kaji sun mutu ba. Aka bar ni da kakata. Inna tana kwance a gadon ƙarfe, fuskarta ga bango. Ni ina zaune a ƙasa bakin ƙofa, na koma wurina.

Da hantsi kakata ta ce za ta je ta ga jakinta, kada mai gadin nan mai baƙin hali ya bar shi da yunwa. Na ce ta bari in je. Ta ce in zauna, ai ba ni jakin ya sani ba. Ta ja sandarta ta fita. Na daɗe ina zargin da gangan ta yi.

Ina kallon bayan Inna, zanen yana ɗagawa yana sauka. Ina ta shirya abin da zan ce in kakata ta dawo, yadda zan ce a gaya mata ta yafe mini. Sai na ji ta yi gyaran murya. Ba ta juyo ba.

"Ka ci?"

Na waiwaya in ga da wa take. Ba kowa, daga ni sai ita. Ba ta ce a tambayi wancan ba, ba ta ce mutanen Tawa ba. Ni take tambaya, ni da na zuba gubar, ko na ci abin da ta aiko mini. Na tuna manyan nan da ta zauna ta zaɓa ɗaya-ɗaya, ta cire musu ƙafafu.

"Ban ci ba, Inna."

Sai na ga kafaɗunta sun sauka.

"Alhamdu lillahi," ta ce wa bango.

Inna ta tashi daga ciwon. Bayan kwana shida muka mayar da ita gida, hannunta na dama yana ɗan rawa, kuma bai daina ba har ƙarshen ranta. Ba wanda ya mutu a garinmu sai tsuntsaye. Da damina ta zagayo fara ta dawo, ta fi ta bara, belbelar da za ta tare ta kuwa ba ta fi a ƙirga ba, sai ga ni da kakina cikin masu haƙa rami. Na ci gaba da aikin gona har na tsufa, amma ban sake shiga wani gari da buhun magani ba sai na fara tsayawa bakin rijiya na yi wa mata magana da bakina, ko mazansu sun so ko sun ƙi.

Inna ta rayu har ta ga jikokina. Ranar da muka koma gida ta shiga ɗakinta, ni na tsaya a bakin ƙofa, da yamma na ji ta tana cewa a ce ma wancan tuwo na nan. Ba ta sake yi mini magana ba. Kalma biyun nan su ne rabona daga bakinta duk tsawon rayuwa, ni kuma ƙarya na ba ta amsa.